Layi na Bakwai

Jiya bayan azahar, a ofishinmu na Unguwar Rimi, na gama saka sabon kati mai ramukan jona waya takwas a tsohuwar kwamfutarmu mai manhajar Linux. Wayar kowane rami tana zuwa ɗaki daban, inda akwai na'urar rubutu mai allo da ake turo saƙo da ita.

Na saita gudun layukan, na shiga gwada su ɗaya bayan ɗaya. Shida na farko lafiya lau. Ina buɗe na bakwai sai haruffa suka fara fitowa a allo, a hankali, kamar ana bugawa da yatsa ɗaya: "Rabi ta shigo?"

Wayar layi na bakwai ɗakin ƙarshen baranda take zuwa. Na kira Hajiya Rabi, sakatariyarmu. "Hajiya, wa ke ɗakin ƙarshen baranda?"

Ta leƙa allon, ta dafe ƙirji. "Ɗana, ɗakin Malam Haruna ne. Tun da ya rasu yake a kulle. Kullum abin da yake fara turowa ke nan."

Muka karɓo makulli muka buɗe. Na'urarsa tana nan lulluɓe da zane, ko a wuta ba a jona ta ba.

Na zare wayar, muka yi masa addu'a.

Masana Linux, don Allah ku yi mini bayani.