Bindigar Kawu da Tsatsar Balad

A shekarar da aka sallami Kawu daga aikin gadi, babu wanda ya kai ni dabara a duk unguwarmu ta Karantina a Jidda, a ganina. Matata tana da nata ra'ayin a kan wannan, amma ba ita ke ba da labarin nan ba.

Kawu wan mahaifiyata ne, tsohon soja tun na zamanin Faransa. An kai shi yaƙi wasu ƙasashe da har yau ban iya faɗin sunayensu yadda yake faɗa ba. Shi ya riga kowa a danginmu zuwa Jidda. Shi ya tarbe ni da na sauka ba ni da komai sai sana'ar ɗinki, shi ya nema mini kafili, wato ɗan ƙasar da baƙo ke zama da sunansa, shi ya tsaya mini a aure. Ya yi shekaru masu yawa yana gadin wani siton tayoyi a unguwar Mahjar, da kulki da usur da kujerar roba, kuma ko bawul bai taɓa ɓata ba. Sai mai siton ya sayar da wurin, sabon mai shi ya kawo samari masu kaki, aka ce wa Kawu ya je ya huta.

Hutun ne ya karya shi. Mutumin da kullum da safe sai ya jera takalman gidan a ƙofa, ya yi mana faɗa a kan wanda ya karkace, sai ga shi ya koma zama a ɗaki yana kallon bango. Abinci ma loma uku ya ture kwano. Iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, saura 'yan watanni ta mutu, ga shi babu kafilin da zai sabunta ta. Ana cikin watan Sha'aban ya kira ni ya ce bayan ƙaramar Sallah zai je ya zauna ƙarƙashin gadar nan da marasa takarda ke taruwa suna jiran a kwashe su a mayar da su gida.

"Kawu, wa za ka tarar a can?" na ce. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba su haihuwa ba, gidan ma ruwan sama ya ci shi tuntuni.

"Kaburbura," ya ce. "Su ma mutane ne. Halas, magana ta ƙare."

Na ji tsoro, ba na ɓoyewa. Na san idan ya hau jirgin nan ba zan sake ganinsa ba, kuma ba zai kai wata damina ba.

Abu ɗaya na sani da ke sa idon Kawu ya yi haske, shi ne labarin bindigarsa. Ya san lambarta da ka, alhali ranar aurensa sai ya yi tunani. Yana iya kwashe awa guda yana ba ka labarin yadda ake kwance ta a goge a mayar. Ranar da aka sallame shi daga soja ya miƙa ta, ya ce ya fi kwana uku hannunsa na dama bai san inda zai sa kansa ba. Don haka na yanke shawara zan saya masa bindiga.

"Bindiga?" in ji matata. "A Jidda? Kai da ko almakashinka ba ka yarda ka fita da shi a aljihu?"

Na yi mata bayani cewa ba ta harbi nake nufi ba, irin wadda ake sayarwa a tsohuwar kasuwar Balad ce, masu gida su rataya a bangon ɗakin baƙi don a ce kakansu jarumi ne.

"Za ka yaudari soja da bindigar bango ke nan."

"Idonsa ya yi rauni," na ce.

"Hannunsa fa?"

A lokacin ina ganin mace ba ta san harkar makamai ba. Ni da na sani kuwa, abin da ya fi kusa da bindiga da na taɓa riƙewa shi ne dutsen guga.

Shagon yana cikin wani lungu a Balad, ƙarƙashin tsohon gida mai tagogin katako da suka sunkuyo kamar za su faɗo wa mutum a ka. Mai shagon wani dattijo ne ɗan asalin Hadramaut, siriri, mai gemu jajaye da lalle. Yana sayar da tsofaffin butocin gahawa, da takubba, da fitilu, da bindigogi jere a bango. Ya fara sauko mini da wata mai adon azurfa, wadda aka toshe bakinta da dalma. Da ya faɗi kuɗinta sai na mayar masa da ita da hannu biyu, ina addu'a kada numfashina ya taɓa ta. Ya kawo ta biyu, irin ta mutanen sahara, ta fi ni tsawo. Na ce wannan sai an fasa rufin ɗakin Kawu. Ya dube ni daga hula har silifa, ya gane ajina, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo kwali.

A cikin kwalin akwai guda shida ko bakwai, duk iri ɗaya, da maratayi na fata da komai, kamar na sojojin da. Na ɗauki ɗaya na ƙwanƙwasa gindinta da yatsa yadda ake gwada kankana. Na sunsuna ta. Na rufe ido ɗaya na leƙa bakinta.

"Ya akuya, ka taɓa riƙe bindiga kuwa?" ya tambaye ni. Da Larabci ɗan'uwa yake nufi, mun saba.

"A gidanmu gadonta muka yi," na ce.

"Masha Allah. To cire idonka daga nan."

Na zaɓi wadda ta fi kowacce jan tsatsa, domin a lissafina ita ce ta fi tsufa, ita za ta fi kama da ta Kawu. Muka yi ciniki har ya rantse sau huɗu cewa na yanka shi, na rantse sau biyar cewa 'ya'yana za su kwana da yunwa. Na naɗe ta cikin darduma na tari tasi. Duk hanyar nan zuwa Karantina gumi nake yi, ina ganin kowane ɗan sanda ni yake kallo, har direban ya tambaye ni ko zazzaɓi nake.

Bayan la'asar na shiga ɗakin Kawu na durƙusa, na warware dardumar a gabansa. Ya juyo daga bango a hankali. Ya daɗe yana kallonta, ni kuwa zuciyata fari ƙal, har na waiwaya na yi wa matata kallon "kin gani ko". Sai ya miƙa hannu ya ɗauka. Hannuwan nan da suka yi wata biyu a kan gwiwa suka fara aiki da kansu. Ya ja ƙarfen da ake ɗana ta da shi, ƙarfen ya biyo hannunsa gaba ɗaya, da busasshen gam a jiki. Ya leƙa bakin.

"Wannan bututun labule ne," ya ce.

Ya ɗora ta a kafaɗa ya auna ƙofa. "Idan ka auna rago da wannan, mai ragon za ka kashe."

Duk wannan a natse ya faɗa. Sai ya shafa ɗan yatsa a jikin ƙarfen, ya ɗago ya ga yatsan ya yi ja. Nan fuskarsa ta canza.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Saya na yi, Kawu."

"Na ce wane ne ke riƙe da ma'ajiyar makaman?"

"Wani dattijo ne a Balad. Kawu, ta wasa ce fa, ta ado ce."

"Tsatsar ma ta wasa ce?" Ya daka mini tsawar da rabon da in ji irinta tun ina sabon zuwa. "A wurinmu ɗigo ɗaya na wannan, sarjan ya gani, kwana takwas a kaso! Akwai wasu a wurinsa?"

Na ce akwai kamar ashirin. Ya yi salati. Ya ce wa matata ta kawo masa abinci, ya cinye, ya nemi ƙari, sannan ya ce a fito masa da takalmansa na gadi.

Washegari da safe muka yi rigima a kan yadda za a ɗauke ta. Na kawo darduma, ya ce bindiga ba gawa ba ce da za a naɗe ta a tabarma. Na roƙe shi don Allah don Annabi, na tuna masa cewa mu baƙi ne a ƙasar mutane. Da ƙyar ya yarda matata ta ɗinke ta cikin tsohon zanen gado. Amma da muka fita sai ya saɓa ta a kafaɗar hagu, ya riƙe gindinta a tafin hannu, ya miƙe ƙirji yana jefa hannun dama. Ko makaho ya ji takunsa ya san abin da ke cikin zanen nan. Tasi uku suka rage gudu, suka dube mu, suka ƙara wuta. Na huɗu ya tsaya ne don zanen yana da furanni.

A ƙofar shagon Kawu ya buga ƙafa a ƙasa ya ce, "Gardabu!" wato a ƙame. Ni kaɗai na ƙame. Mai shagon ya ga zanen, ya gan ni, ya fara kaɗa hannu. "La, la, la! Abin da aka saya ba a mayarwa."

Kawu bai ko dube shi ba. Ya shige ya fara sauko da bindigogin ɗaya bayan ɗaya, yana shafawa, yana duba yatsa, yana tsaki, yana jera su a ƙasa daga doguwa zuwa gajera. Ya aike ni in kawo man keken ɗinki da ƙyallaye daga shagona. Kafin in dawo har sun yi nisa, Kawu yana faɗa da Hausa da Faransanci da Larabcin gadi, dattijon yana ihu yana riƙe da gemu.

"Gaya wa shaiban nan," ya ce da ni, wato tsohon nan, alhali da wuya in bai girmi Kawu ba, "tsatsar ita nake sayarwa! Wa zai sayi bindigar kakansa tana ƙyalli? Waɗannan na kwali bara aka ƙera su. Ni da hannuna nake yayyafa musu ruwan teku duk ranar Alhamis!"

Ban so in fassara ba, amma Kawu ya ji. Ya ajiye ƙyallen, ya dubi mutumin nan yadda ake duban wanda ya ce shi ke zuba guba a rijiya.

"Da gangan?"

"Da gangan, wallahi."

"Bon," in ji Kawu. Ya naɗe hannun riga, ya jawo wani kwali ya zauna. "Ba inda za ni sai na ga ta ƙarshe ta yi tsab." Na fassara wa dattijon.

Haka aka shiga yaƙi. Duk watan azumi Kawu yana tafiya Balad da kwalbar mai a aljihu. Ya goge daga Asabar zuwa Laraba, ranar Alhamis dattijon ya bi su da buta, Asabar Kawu ya tarar da ja ya sake fitowa, a yi ta zage-zage cikin harsuna uku har a kira salla su tafi masallaci tare. Man kekena ya ƙare, ƙyallayena suka ƙare, har wani yadin da na ajiye zan yi wa mai shi aljihu ya tafi fagen fama. Mutane suka fara tsayawa kallon tsohon da ke jujjuya bindiga a ƙofar shago, wasu su shiga su saya.

Sallah ta zo ta wuce, ni ban ji daɗin ko naman ba. Rana ta huɗu da safe na ga Kawu ya fito cikin rigarsa ta fita, ya gyara hula, ya nufi ƙofa. Na bi shi da sauri.

"Kawu, ina zuwa?"

"Balad. Kwana uku shago a rufe, Allah kaɗai ya san abin da mugun tsohon nan ya yi musu."

"To maganar gadar fa?"

"Kai ba ka da hankali ne? In tafi in bar su a hannunsa? Yalla, ba ni hanya."

Kafin iƙamar ta mutu dattijon ya karɓi kafalar Kawu. Ya ce ya fi masa sauƙi da ya riƙa yi wa hukuma bayanin wane ne wannan da ke fareti a ƙofar shagonsa. Matata ta ce in daina baza hanci, ba dabarata ce ta yi aiki ba, wautata ce. Na ce duk nawa ne.

Kawu ya yi shekara tara yana zuwa shagon nan. A Jidda ya rasu, a ɗakinsa, muna kusa da shi, kuma mu muka kai shi. Ranar uku dattijon ya zo gaisuwa Karantina, yana dogara sanda, gemun ya yi fari don ya daina sa lalle. Ya zauna kusa da ni a tabarma. Don in sa shi murmushi na ce yanzu kam zai sayar da tsatsarsa lafiya.

"Ai tun shekarar farko na gano masu ƙyallin sun fi tafiya," ya ce. "Mutane sun fi son su haka."

"To me ya sa ka ci gaba da zuba musu ruwa?"

"Ba kai ka fassara mini ba? Ya ce in ta ƙarshe ta yi tsab zai tafi." Ya goge ido da gefen rawaninsa. "Sau biyu yana kama ni da butar a hannu. Sai ya juya baya yana gyara hula har in gama."