Kalmar da Inna ta ƙi faɗa

Jiya maƙwabciyata ta kwana biyu ba wuta, injin niƙa ya tsaya, sai ta jawo turmi. Ina jin dukan taɓarya na farko raina ya ɓaci, wallahi kamar yau aka yi abin.

Bari in gaya maka. Shekarun da Jalingo ta zama hedikwatar jiha, fili ya yi daraja, a lokacin Baba ya rasu. Ya bar mana gona ɗaya a hanyar Kona, inda muke samun dawa da gyaɗar da muke ci har wata damina. Inna tana cikin takaba, ba ta ko leƙa ƙofar gida, ƙanen Baba, wanda muke kira Bappa, ya sayar da gonar ga wani ɗan kwangila. Ko shawara babu! Da ta fita takaba ta kai kuka wurin dattawan dangi, suka ce ta yi haƙuri, mace ba ta kiran ƙanen mijinta da mummunan suna a gaban 'ya'ya. Haƙuri fa! Mu da za mu kwana da yunwa ba wanda ya tambaya.

Inna ta dawo gida. Daga ranar dakanta ya canza. Dawar da take sayowa mudu-mudu a kasuwa, ita da a da take da rumbu, take zubawa a turmi tana waƙa:

Gara ta shiga rumbu, ba sallama ba awo,
ta ci ginshiƙi ta ciki, waje ba alamar ciwo,
mai rumbu ya tafi, wa zai ce ya dawo?
Gara, gara, sunanki na gaskiya...

Nan take tsayawa. A ƙarshen kowane layi taɓarya na sauka daidai kan wannan "wo", amma a na huɗu sai ta haɗiye kalmar, ta maka taɓarya da ƙarfin da tsaba ke tsalle waje. Mu yara mun san wace ce gara, domin ba ta shigo daga daji ba, cikin gida take. Kuma kunne da kansa yana neman abin da zai cike layin. Shirun nan ya fi zagi zafi.

Wata ranar kaka, ana ta shigo da amfanin gona gidajen mutane, mu tsakar gidanmu fayau, Bappa ya zo gaisuwa da sabuwar babbar riga da mashin. Ya tarar da Inna na daka. Shi kuwa mutum ne mai ji da kansa a harkar waƙa. Ya saurara yana kaɗa kai, ya yi dariya.

"Adda, waƙar nan taki gurguwa ce. Awo, ciwo, dawo... ai ɓarawo ne ya dace a ƙarshe."

Inna ta jingine taɓarya, ta share gumi da bakin zane, ta dube shi ido cikin ido.

"To, Bappan yara, kai ka faɗa. Ni an hana ni."

Fuskarsa ta sauya. Ko ruwan da na kawo masa bai taɓa ba, ya tashi mashin ya fita, bai sake taka gidanmu ba.

Gonar dai ba ta dawo ba. Yau wani otal ne a wurin, da katanga mai tsawo da maigadi. 'Yan'uwana suna cewa in yafe, tunda Inna da Bappa duk sun riga mu gidan gaskiya. Ina ƙoƙari, Allah ya sani. Amma 'ya'yana mata na gaya musu tun suna ƙanana: duk wanda ya ci haƙƙinku, ku kira shi da sunansa, da bakinku, tun yana tsaye.