Akwai Mai Kuka?

Yayana bai saci bijimin nan ba. Ni na rako shi kasuwa ya saye shi, a gaban dillali. Amma ran da aka kai shi gaban alƙali a Gwaram, dillalin yana can kudu ya bi lodin shanu, ba a kuma jira shi ba. Aka yanke masa ɗauri, aka wuce da shi gidan yari. Shekarar da naira ta shigo ke nan, kowa yana zancen kwalta da siminti, ba mai lokacin ɗan ƙauye.

Duk sati nakan hau akori-kura daga Basirka in kai masa fura. Da dillalin ya dawo, wani tsohon masinjan kotu a Birnin Kudu ya ce mini ana iya ɗaukaka ƙara, amma sai ɗaurarren ya nema da bakinsa, kuma abin yana da wa'adi. Ya ce ai wani babban gandiroba yana zagaya fursunoni yana tambayarsu ko akwai mai ƙara.

Na je na tambayi Yaya. Ya ce e, ana jera su a rana, gandiroba ya ɗaga murya ya ce, "Akwai mai kuka?" Wanda ya fito, sauran su yi ta masa dariya, wai wake ne ya ishe shi ko ƙwarƙwata.

"To kai me ka ce, Yaya?"

"Ni da aka yi wa shaɗi ban ƙifta ido ba? In yi kuka a gaban maza?"

Gidanmu asalin masu shanu ne, haka aka tarbiyyantar da mu. Kuma ba wanda ya taɓa ce masa kukan nan shi ne ƙofar kotu. Kalma ɗaya ce fa. Su ce "mai ƙara", me zai ragu a jikinsu?

Da na fahimtar da shi, sati na gaba ya fito daga layi, ya haɗiye kunya ya yi magana. Aka ce wa'adi ya wuce, ai an yi ta tambayarsa yana shiru. Babban gandiroban har da ce mini, "Malam, haƙƙinsa ne, ba wanda ya hana shi."

Na kawo dillalin har bakin ƙofar gidan yarin. Ya zauna a gindin bango da shaidarsa a baki har la'asar, ba wanda ya kira shi. Yaya ya cinye ɗaurinsa tas. Har ya mutu, a garinmu ɓarawon bijimi ake ce masa, yanzu kuma 'ya'yansa ake gaya wa.