Shekarar da Dawa Ta Yi Ja

Wata Laraba a daminar 1984 na kai wa Baba fura gona, can gindin dutsen da ke bayan ƙauyenmu kusa da Allakaye. Ruwa ya ɗauke, rana tana dukan fako har ido ba ya iya kallonsa. Na tarar da Baba tsaye, hauya a ƙasa, ya zuba wa dawa ido. Ganyen fiye da rabinta ya rine ja tun daga baki, kamar an shafa masa jinin yanka. Babu iska, babu kukan tsuntsu. Ni da nake tafe ina rera waƙar gaɗa, na haɗiye ta.

Kakata Iya, wadda ke ba ni ƙanzo in na ɗebo mata ruwa, ita ta yanke hukunci ko gonar ba ta taka ba. "Masu dutsi sunka sa mata hannu," in ji ta. A wurinmu ba a kiran aljanu da sunansu. Washegari duk gidan muka fita muna tumɓuke mai jan ganye muna barin kore, wai kada abin ya yaɗu. Kusurwa ɗaya kawai muka bari, wadda ke jikin dutsen, don babu mai ƙarfin halin shiga.

Koren da muka lallaɓa rana ta ƙone shi ƙurmus. Jar dawar kusurwar nan kuwa ta tsaya, har ta fid da kai. Da yunwa ta matsa, Baba ya yi bismilla ya yanko ta. Muka ci tuwonta, ni har duba tafin hannuna nake yi ko ya yi ja. Iya ta ture akushi. "Ba ni cin abin masu dutsi," ta ce. Ta koma kan anza, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki. Baba ya roƙe ta har da hawaye, limami ma ya zo, ta ƙi. Muna murmurewa tana ramewa, kafin wata damina muka binne ta.

Yanzu ɗiyata da ta karanci aikin gona ta ce mini akwai wani haske a cikin rana da ido ba ya gani, yana ƙona ganye, sai dawa ta haɗa jan launi a jikinta ta kare kanta da shi. Yaran yau suna ratsa gindin dutsen da babur ko waiwaye ba sa yi. Na yarda da ɗiyata, amma har yau in na ga jan ganye sai tsigar jikina ta tashi, kewar Iya ta kama ni. Abinci yana gabanta yunwa ta ɗauke ta.