Ƙauyukan Da Aka Yanke Wa Baba

Mahaifina fataucin gero yake yi. Kakanninsa Kanawa ne, amma a Potiskum aka haife shi, kuma tun yana saurayi yake zagaya ƙauyukan da ke wajen Nangere a kan keke, daga baya a kan babur. Yarensu na Karekare a bakinsa kamar a nono ya sha.

Da sojoji suka ce za su miƙa mulki, mutanen ƙauyukan nan ne suka matsa masa ya nemi kujerar majalisar jiha. A lokacin ina aure a unguwar Bolewa, ina koyarwa a firamare. Duk ranar da na biya gida sai in tarar da zaure cike da manoma, Inna tana ta dama fura.

Ana cikin haka aka sake yanka mazaɓu. Ƙauyukansa kaf suka faɗa wata mazaɓar, aka bar shi da cikin gari, inda wasu manya suka riga suka kafa gindi.

Baba ya kasa zama. Ya tafi sakatariya, ya dawo, ya sake fita. Tuwo ma a tsaye yake ci. Wasu suka ce ya koma can ya tsaya takara, wasu suka ce can ɗin baƙo za a kira shi. Ni kaina sai in tsaya gaban allo da alli a hannu, na manta abin da zan rubuta.

Wani dattijo ya tako da ƙafa daga ƙauyensu, ya zauna a zaure ya ce, "Alhaji, mu ba mu tashi ba, gonakinmu ma suna inda suke. Wa ya ɗauke mu?"

A gari ya tsaya takarar. Ranar fid da gwani mutanensa suka cika motar kaya suka zo, aka tare su a bakin ƙofa, aka ce ba mazaɓarsu ba ce. A gindin darbejiya suka wuni, a nan suka ji ya faɗi warwas.

Ya rantse shi da siyasa har abada. Amma da rijiyar mutanen wani ƙauyensa ta rufta bayan zaɓe, wurinsa suka zo. Shi ya kai su gidan sabon wakilinsu, wanda ba ya jin Karekare, ya yi musu tafinta. Ya dawo yana faɗa, wai mutumin ko sunan ƙauyen bai iya faɗa ba. Inna ta ce ya zauna ya huta. Ya ce sai ya gano mai haƙa tukuna, ya fice.