Ledar ruwan da aka zaro daga tsakiya

Na sha faɗa wa ɗalibaina na sashen kasuwanci cewa idan za a gwada ingancin kaya, ba a karɓar samfurin da mai kaya ya zaɓo da hannunsa. Kai ne za ka zura hannu tsakiyar tulin ka zaro. Don su gani da idonsu, na kwashe su zuwa wani kamfanin ruwan leda a nan Suleja.

Manajan ya tarbe mu da ledoji a faranti, tas da su. Wata ɗaliba ta wuce shi, ta zaro guda daga tsakiyar kayan da za a fitar kasuwa, ta ɗaga ta saitin rana.

"Malam, zo ka gani. Wani abu yana motsi a ciki."

Na matsa na duba. Tsutsa ce siririya ja, tana wutsil-wutsil. Manajan ya hau faɗa, amma ban ji ko kalma ɗaya ba. Na san tambarin da ke jikin ledar. Da ruwan nan matata take dama wa jaririyarmu madara. Kwana da kwanaki yarinyar tana gudawa, muna ta cewa haƙori ne.