Ƙahon da Ƙuda Bai Bi Ba

Bayan sadakar bakwai ta Baba, ni aka bar wa sharar ɗakinsa. A bayan tukunyar da yake ajiye tsofaffin wuƙaƙensa na tarar da ƙahon gwanki guda biyu, ɗaure da igiyar kaba. Ban san lokacin da na kai su hanci ba. Babu wari ko kaɗan. Sai dariya ta kama ni a ɗakin da na yi kwana bakwai ina kuka, har na toshe bakina da mayafi kada masu gaisuwa su ji.

Bari in gaya maka dalili.

Baba maharbi ne, amma ba irin wanda ake yi wa kiɗa ba. Zomo yake kawowa da zabon daji, wata shekara a dace da barewa. Da ruwa ya sauka yake rataye bindiga, ya ce dabbobi na da ciki. A Matamaye ta lokacin naman daji ba na mutum ɗaya ba ne. Cinya ta Sarkin Baka ce, shugaban maharba, wuya na wanda ya yanka, hanta ta tsofaffin unguwa. Wanda kuwa ya kashe dabba ya bar namanta ya ruɓe a daji, Sarkin Baka zai karɓe bindigarsa, kuma ba ta dawowa.

Baffa, ƙanen Baba, shi ma yana da bindiga, wadda ya gada wurin kakanmu. Kullum yana goge ta da man gyaɗa, ta fi fuskarsa sheƙi, sai dai ban taɓa cin abin da ta kashe ba. Wata shekara ya tafi cin rani kudu ta garin Ɗan Barto na bakin iyaka. Ya dawo cikin zafin bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya son rairayi, da buhu a kai. Ya zazzage a ƙofar gida, sai ga ƙahonnin nan. Ya ce gwanki ne ya harbe a wani babban daji, kuma maharban can sun rantse ba a taɓa kashe kamarsa ba.

Da ya auna da hannunsa, taƙi huɗu ne. Abin bai yi masa ba, sai ya kira mu yara muka auna da namu, ya zama shida. Shidan nan ita ta shiga gari. Ranar kasuwa har daga Kance mutane suka biyo su gani. Gwankin ma kullum ƙara girma yake: ran Juma'a ya kai jaki, ran Lahadi ya kai doki, kafin mako ya zagayo yana cin ganyen gawo ba tare da ya ɗaga wuya ba.

Inna ce ta fara magana, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce ita ta sha fama da ƙahon ragon layya, wata guda yana wari ƙuda na bin sa, amma wannan ƙuda ko gaisuwa bai kai masa ba. Ta kuma tambaya ina rediyon da Baffa ya tafi da shi. Baba ya ce ta bar maganar.

Sarkin Baka ya zo da kansa bayan la'asar, da maharba huɗu. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin itacen bedi. Tsohon ya juya ƙahon, ya yaba, sannan ya ce, “To madalla. Ina cinyata?”

Baffa ya ce wurin da nisa.

“Da nisa kam. To wa ya ci naman?”

Baffa, da yake labari ya riga ya ɗebe shi, ya ce ai shi kaɗai ne a dajin, ba mutum ko ɗaya tafiyar yini biyu. Ƙaho kawai ya iya ɗaukowa.

Sarkin Baka ya ce a kawo bindigar.

A nan Baba ya matsa kusa da ƙanensa, ya yi magana a hankali, amma kowa ya ji. “In kai ka kashe, ka bar nama kamar na doki ga ungulu, bindigar ubanmu ta bar gidan nan yau. In ba kai ba ne, dariya za a yi, kuma dariya ba ta kai wata uku. Zaɓi.”

Baffa ya dubi ƙahon, ya dubi bindigar da aka jingine a jikin bedi. Gumi na zuba daga hularsa. Can ya ce, “Yaya, a rumfar mai maganin gargajiya na gan su. Rediyona na ba shi.”

Sarkin Baka ya yi dariya har ya kwanta a tabarma. Da ya tashi ya ce tunda rediyo ne ya kashe gwanki, a ba shi cinyar rediyon. Baba bai yi dariya ba. Ya ɗauki bindigar ya miƙa wa Baffa, ya ɗauki ƙahon ya shige ɗaki. Daga ranar ban sake ganinsu ba sai a sharar nan.

Yanzu gonaki sun cinye dajin har bakin iyaka, zomo ma sai an yi sa'a. Kwanakin baya ɗana ya nuna mini hoto a waya, wani baƙo tsugune a bayan wata ƙatuwar dabba, wai ba a taɓa kashe irinta ba. Na lura mutumin ya ja baya sosai don dabbar ta cika hoton. Wataƙila gaskiya ne, ban sani ba. Na dai tambayi ɗana wa ya ci naman, ya duba ya ce ba a rubuta ba.

Na fito da ƙahon na kai wa Baffa, yana zaune inda ya yini yana karɓar gaisuwa. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Ya shafa su, ya auna da hannunsa, ya ce, “Uku da rabi. Sun ragu a ɗaki.” Muka yi dariya kaɗan. Sannan ya ce shekara arba'in suna cin tuwo a kwano ɗaya, Yaya bai taɓa tayar masa da zancen ba ko sau ɗaya. Ya juyar da fuska wajen bango, ni kuma na koma na ƙarasa shara.